Kakin da Malami Ya Ɓoye wa Surukarsa

Malami, mutumin ƙauyen Kashin Zama, dillalin albasa ne a kasuwar Aliero, shekarunsa sittin da huɗu, kuma a daminar bara saura ƙiris ya kashe kansa da tsafta. Ba wani ne ya ƙaga masa wannan magana ba, shi ya fara faɗinta da bakinsa. In yana ba da labarin, shi yake riga kowa dariya, har sai ɗan tarin da ciwon ya bar masa ya taso ya katse shi.

Ubansa Mamuda manomin albasa ne a fadamar ƙauyensu. Malami yana da shekara tara aka zaunar da shi gaban tsibin albasa aka koya masa cika buhu, kuma wannan karatun ne kaɗai ya taɓa saukewa a rayuwarsa. Ƙanana da masu tabo su ake fara zubawa, matsakaita su biyo baya, sannan a zaɓo manya jajaye masu sheƙi, a goge su da hannun riga, a jera a sama. Mamuda bai ɗauki wannan ha'inci ba, don kowane mai saye ya san haka ake yi. Shi a wurinsa ladabi ne. Yakan ce wa ɗansa, "Mutum ya taso tun daga nesa, abin kirki ya kamata shi hwara gani."

Yaron ya riƙe maganar fiye da yadda uban ya yi nufi. Ya girma ya bar noma ya koma dillanci, ya zama mutumin da zai sunsuna bakin buhu sau ɗaya ya faɗa maka ko akwai ruɓa a gindinsa, kuma da wuya ka zazzage ka tarar ya yi ƙarya. Amma buhun kansa ba a taɓa zazzage shi ba. Cikin ƙurar kasuwa da ɓawon albasa, farar riga yake sawa. Ƙofar gidansa kullum a share take, ko da katangar baya ta faɗi tun daminar waccan. Shekarar da rudunsa uku suka ruɓe, wato rumfunan kara da ake adana albasa a cikinsu, ya shigo kasuwa da sabuwar hula, ana yi masa jaje yana cewa ai kaɗan ne. In ka tambaye shi jiki, amsa ɗaya gare shi ko da zazzaɓi na kaɗa masa haƙora: lahiya lau.

Abin alfaharinsa na biyu yana cikin aljihun gaba, kafso ne mai ja da rawaya da yake saye a kemis. Ciwon kai, kafso. Ciwon ciki, kafso. Akuya ta ƙi cin dusa, a fasa mata kafso a ruwa. Bai taɓa shan su har kwanakin da aka ce ba. Da ya ji dama-dama sai ya ajiye sauran don wata rana. 'Yan dako suna tsokanarsa da Dakta, shi kuwa yana amsawa da gaske. Matarsa Dije, wadda ta shekara arba'in da shi, ita kaɗai ce ba ta taɓa karɓar kafsonsa ba.

Sai kuma Mubina, matar ɗansa na fari Nafi'u. 'Yar Karaye ce, ta yi karatun gwaje-gwajen asibiti, tana aiki a ɗakin gwajin wani asibiti a Jega, inda suke zaune da mijinta. A kasuwa babu wanda bai ji labarinta ba, har Malami ya ƙara mata girma ya mai da ta likita, ko da yake ita ta sha aiko da gyara. A gabanta kuwa ba a taɓa ganin mai kunya kamarsa ba. Shekara shida da auren, bai taɓa shan ko ruwa tana kallo ba. In aka ce ga su Mubina nan tafe, sai ya shiga ɗaki ya sake riga, ya fito ya zauna yana amsa gaisuwa yana kallon ƙasa kamar shi ne amaryar.

Ciwon ya fara ne bayan wani ruwan la'asar da ya kama shi yana gyara jinkar rudu. Washegari zazzaɓi, bayan kwana biyu tari, sannan wani suka a haƙarƙarin dama da ke tsaya masa duk sa'ad da ya ja numfashi. Ya ciro kafso. Da bai ji sauƙi ba ya sake launi, ya koma mai ja da baƙi. Ya kwana tara a haka, yana fita zaure ana gaishe shi yana cewa mura ce.

Ran na goma Dije ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu. "Alhaji, tarin ga ba na kafso ba na. Kwana tara kana haɗiyas su awa gyaɗa, mi sunka yi ma?"

"Mura ta, Dije. Na san jikina."

"To jikin naka bai san ka ba. Na kira yaron ga, yana bisa hanya."

Ranar Litinin ke nan. Nafi'u ya zo da mota, aka kwashe shi zuwa Jega, asibitin da Mubina take aiki. Malami ya so ya yi gardama, amma numfashin da zai yi gardamar da shi bai ishe shi ba.

Likitan, wani matashi mai suna Shamsuddeen, ya saurari ƙirjinsa, ya sa aka ɗauki hoto, ya ce nimoniya ce, huhun dama ya kamu sosai. Ya tambaya ko an sha wani magani. Dije ta kwance ƙullin mayafinta ta zube masa kwalayen kafso a kan tebur, har da na akuya. Likitan ya daɗe yana kallonsu.

"Baba, za mu fara maka allura yanzu," ya ce, "amma lalube za mu yi. Ƙwayoyin da ke kawo wannan ciwon iri-iri ne, kuma waɗannan da ka sha ta yiwu sun sa taka ta daina jin magani. Sai mun ga kakinka. A ɗakin gwaji za su duba shi, su gano wace ƙwaya ce, kuma wane magani ne ke kashe ta."

Aka ba shi wata 'yar roba mai jan murfi. Aka ce da safe ya kurkure baki da ruwa, ya ja dogon numfashi, ya yi tari daga can cikin ƙirji, ya tofa abin da ya fito. Aka maimaita masa cewa kaki ake so, ba yawu ba.

Da safiyar Talata, bayan ya yi salla a zaune, ya lallaɓa ya fita bayan ɗakin marasa lafiya da butarsa. Ya bi umarni sarai, wannan kam ba a ci masa haƙƙi ba. Ya kurkure, ya ja numfashi, ya yi tarin da ya ji kamar haƙarƙarinsa za su rabu. Sannan ya duba robar. Abu ne mai kauri, ja-ja kamar tsatsa, da zaren jini a ciki, abin da ko shi mai shi bai so ya sake kallo ba. Ya juya robar sai ya ga an manna takarda, an rubuta sunansa da na ubansa. Wata ma'aikaciya tana wucewa, ya tsai da ita ya tambaya ina ake kai wannan.

"Ɗakin gwaji, Baba. Wurin su Malama Mubina."

Nan fa hankalinsa ya tashi fiye da yadda ciwon ya tayar masa. Wato yarinyar da bai taɓa tauna goro a gabanta ba, ita za ta buɗe wannan ƙazanta, ta karanta Malami Mamuda a jiki, ta kafa ido ta duba ta da kyau, watakila ma ta kira abokan aikinta su gani. Bai yi dogon tunani ba, hannunsa ne ya yi aikin da ya saba tun yana ɗan shekara tara. Ya zubar, ya wanke robar tas da ruwan buta, ya ciro asuwaki ya goge haƙora, ya kurkure sau uku, ya tara yawu fari sol ya tofa. Ya rufe, ya goge robar da hannun riga, ya ɗaga ta sama ya duba. Shi da kansa yana cewa tun da yake bai taɓa gyara saman buhu ya yi kyau kamar na ranar ba.

Kafin azahar aka dawo da sabuwar roba. Ma'aikaciyar ta ce abokin aikin Mubina ya duba a madubin gwaji, yawu ne zalla, babu abin da za a gani a ciki, a sake gobe da safe. Ta sake yi masa bayani dalla-dalla, Malami yana gyaɗa kai.

Kuskuren Talata ana iya cewa sabo ne. Na Laraba kuwa ba shi da uzuri, kuma shi ma bai taɓa nema masa ba. Ya gane abin da ake so sarai. Amma ya kwanta ya yi wa kansa lissafin dillalai: in shi da bai yi boko ba yana iya sanin gindin buhu daga samansa, ita da ta yi shekaru tana karatu, ga madubi ga na'ura, za ta kasa gane ƙirji daga yawu? Ai na farkon ma wanda ya duba ne bai ƙware ba. Saboda haka da safiyar Laraba, da Nafi'u ya riƙe shi ya kai shi waje don ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, sai ya ce wa yaron ya ba shi wuri. Ya sake yin abin da ya yi jiya, har ya ƙara da naɗe robar a cikin hankici.

Duk kwanakin nan Mubina tana zuwa safe da yamma, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi. Shi kuwa da ya ji muryarta sai ya ja bargo har wuya, ya danne tari, ya ce lahiya lau, da sauƙi ƙwarai.

Sauƙin bai kai azahar ɗin Laraba ba. Allurar da ake masa tun Litinin ba ta taɓa zazzaɓin ba. Numfashinsa ya koma guntu-guntu, leɓɓansa suka yi duhu, aka jawo tukunyar iska aka sa masa roba a hanci. Yana gani sama-sama likita ya kira Dije da Nafi'u waje, sun daɗe, da Dije ta dawo ba ta ce masa komai ba, ta zauna ta kama ƙafarsa. A nan ne tsoro ya shige shi na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba, don Dije ba ta saba yin shiru ba.

Da la'asar Mubina ta shigo. Wannan karon ba ta tsaya a ƙofa ba. Tana sanye da farar rigar aiki a kan hijabinta, da safar hannu, da sabuwar roba. Ta ja labule ta zagaye gadon, ta durƙusa dab da kansa.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya..." Sauran bai fito ba.

"Baba, na yau ni na duba shi da kaina. Yawu ne, har da ɓurɓushin asuwaki a ciki." Ta waiwayi Dije. "Inna ta ce tana jin tarinka, tana kuma ganin abin da kake tofawa a tsumma. Ina yake zuwa in an ba ka roba?"

Malami ya juya fuska bango. Dattijo mai furfura, da robar iska a hanci, an kama shi kamar wanda ya saci ƙosai. Da ƙyar ya haɗa kalmomin. "Ɗiyata... abin ba shi da kyan gani. Ga sunana bisa."

Dije ta saki ƙafarsa. "La'ilaha illallahu! Alhaji, kwalliya kaka yi ma majina? Kwana biyu muna nan rai ga Allah, kai kana can kana gyaran buhu?"

Mubina ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba, abin da ya fi yi masa zafi ke nan. Ta ce, "Baba, shekara takwas ina wannan aiki. Mai kyan gani ba shi da amfani a wurina. Abin da kake zubarwa shi ne kaɗai zai faɗa mana maganin da za a ba ka. Shuka shi muke yi a faranti, sai ƙwayar ta tsiro, sannan mu ɗora mata magunguna mu ga wanda ke kashe ta. Wannan kwana biyu zuwa uku yake ci, ba a iya gaggauta shi. Mun riga mun yi asarar biyu. Ban san ko muna da wasu biyun da za mu zubar ba."

"To ki hita waje, in yi."

"Ka yi haƙuri, Baba, ba zan fita ba. Sau biyu ana ba ka wuri."

Shekara shida ba ta taɓa musa masa ko da kalma ɗaya ba. Abin da ta iya yi masa kawai, ta miƙa wa Dije robar, ta tashi ta juya baya ta fuskanci labule. Dije ta tallafo shi zaune, ta ba shi ruwa ya kurkure, ta shiga bubbuga masa baya da tafin hannu, kuma ya rantse akwai haushin shekara arba'in a cikin bugun. Ya ja numfashi iya abin da ya samu. Tarin ya zo da ƙara irin wadda ba a yi gaban suruka, ya zo da hawaye da majinar hanci, hularsa ta faɗi ƙasa. Ya tofa.

Mubina ta juyo ta karɓa, ta ɗaga robar wajen hasken taga, ta karkata ta tana dubawa. Malami ya rufe ido yana jiran ƙasa ta tsage. Sai ya ji ta ce, "Alhamdu lillahi. Baba, wannan shi ne. Wannan ya yi kyau ƙwarai." Ta fita da sauri har tana tuntuɓe da butarsa. Yakan ce ya fi shekara hamsin yana jera wa mutane abin kirki, amma ba a taɓa yaba kayansa da zuciya ɗaya kamar ranar ba.

Kafin magariba ta aiko da abin da madubi ya nuna: ba tarin fuka ba ne, kuma ƙwayar ba irin wadda aka zata ba ce. Likita ya ƙara wata allura bisa wannan, ya ce za ta riƙe shi kafin faranti ya yi magana. Alhamis da Juma'a Malami bai san yadda suka wuce ba. Abin da ya iya tunawa shi ne hannun Dije a goshinsa, da Nafi'u yana tofa masa addu'a.

Ranar Asabar da hantsi Mubina ta kawo takardar da kanta. Magani shida aka gwada. Huɗu ƙwayar ba ta ko kula su ba, ciki har da allurar da aka fara masa ranar Litinin da dangin kafson aljihunsa. Wadda aka ƙara ranar Laraba tana taɓa ta kaɗan. Guda ɗaya ce ke kashe ta sosai, aka koma kanta nan take. Ranar Litinin da safe ya farka jiƙe da gumi, zazzaɓi ya sauka, ya ce a ba shi kunu. Mubina ce ta kawo, ya karɓa ya sha tana tsaye, don ya duba ya ga babu sauran abin da zai ɓoye mata.

Bayan kwana goma sha shida aka sallame shi, da kashedin ya shanye maganin har ƙwayar ƙarshe, kuma kada ya sake kusantar kafso sai da takardar likita. Ya koma Kashin Zama a rame, riga tana yawo a jikinsa. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, yana zaune a zaure yana ba su dariya da labarin robar da ya naɗe a hankici.

Kwana uku da dawowa, da rana tsaka, ya shiga ɗakin Dije neman carbinsa. Ya buɗe akwatinta, sai ya ga farin yadi sabo a ninke, ko lambar kanti ba a cire ba. Ba sai an faɗa masa ko na mene ne ba. Ya sha zuwa sayen irinsa in an yi rasuwa a unguwa. Ya ɗauko ya murza bakinsa tsakanin yatsu biyu. Dije ta shigo ta same shi a haka.

"Wa yas sawo wanga?" ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "An cuce shi. Ba shi da kauri ko kaɗan."

Dije ba ta taya shi murmushin ba. Ta karɓi yadin ta mai da shi ninkinsa.

"Ni nis sa yaron ga," ta ce. "Ranar Laraba, da likita yak kira mu waje yac ce mu yi ta addu'a. Na ce ya tahi kasuwar Jega ya sawo, kada abu ya hwaru muna garin mutane mu rasa na ruhe ka. Ya tahi yana kuka, Alhaji, ƙato da shi, mai kanti na tambaya tai wa yar rasu, ya rasa mi za shi cewa." Ta rufe akwatin ta zauna a kai. "Kowa ka ba dariya da robar ga. Ni ba ta ba ni ba. Shekara arba'in muna ɗaki guda, ko ni ba ka taɓa ce ma wuri kaza na yi maka ciwo ba."

Malami ya sunkuyar da kai. Kunya ce ta kama shi, amma ba irin ta asibiti ba, wannan ta fi nauyi. Ya zauna a bakin gado a hankali. A waje akwai masu sallama, wasu 'yan dubiya ne daga Gumbin Kure, bai amsa ba.

"Dije."

"Na'am."

"Haƙarƙarin ga na dama, har yanzu shina yi mani ciwo in na juya. Kuma in na tashi tsaye jiri nika ji."

Dije ta dube shi. Ta goge idonta da bakin zane, ta taso.

"To," ta ce. "Ɗaga rigar in gani."